Rim 18 a kan tsohuwar Marsandi 450SL: zai hau, kuma in ya hau me zan rasa?

Magajin_SL:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wajen masu sani. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Marsandi 450SL ƙirar 1979, mai ƙofa biyu, wadda ake cire rufinta. Da aka yi rabon gado ni ta faɗo wa. Ta shekara shida a kan bulo cikin gareji, bana na samu hali na tayar da injin, kuma alhamdu lillahi V8 ɗin nan yana nan da ransa. Saura taya. Rim ɗinta na asali inci 14 ne, tayar da ke kai 205/70 R14, duk sun tsattsage. Na zaga Ƙofar Ruwa har sau biyu ban samu wannan lambar sabuwa ba, duk shagon da na shiga tayar bas suke miƙo min, 195 R14C. To akwai wani abokina da ya canza wa sabuwar Marsandinsa rim, ya ce in zo in kwashi tsofaffin kyauta. 18 ne, faɗinsu inci 8, huda biyar kamar nawa. Tayar 18 kuwa ko'ina akwai. Zai hau? In ya hau, akwai illa?

Dan_Fagge77:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kwashe su kawai ɗan'uwa. Yawancin Marsandi hudarsu ɗaya ce, 5x112, wato huda biyar a kan zagaye mai faɗin milimita 112, tun na da har na yau. Motar nan da rim 18 mai sheƙi, wallahi sai an riƙa tsayar da kai a titi.

Oga_Panteka:
Amin. Alhaji, kar ka ɗaura tukuna. Dan_Fagge ya yi gaskiya a kan huda, amma huda ita ce mafi sauƙi a cikin lissafin. Ka kifa rim ɗin abokin naka, a bayansa za ka ga an buga ET da wata lamba. Wannan lambar ce ke faɗa maka yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje idan ya zauna a kan hob, wato wurin da ake ɗaura rim a jikin ƙafa. Naka na asali faɗinsa inci 6.5, ET30. Na sababbin Marsandi yawanci ya haura 40. Idan ET ya yi yawa kuma rim ya yi faɗi, bakinsa na ciki sai ya je ya taɓa ƙarfen ƙafa, ko taya ta riƙa gogar ciki idan ka karya sitiyari ƙarshe. Shekarata talatin da wani abu a ƙarƙashin Marsandi, na sha ganin wannan. Karanto mana lambar kafin komai.

Magajin_SL:
Na gode Oga. Na kira shi yanzu ya duba, ya ce 8J x 18, ET45.

Malamin_Lissafi:
To bari in buga muku shi a fili, don Oga ya faɗi abin a taƙaice. Inci 6.5 milimita 165 ne, rabinsa 82.5. Ka ƙara ET30, kenan daga fuskar hob zuwa bakin rim na ciki milimita 112 da rabi. Na abokinka inci 8, milimita 203, rabinsa 101 da ɗan wani abu, ka ƙara 45, ya zama kusan 147. Wato ya shige ciki fiye da na asali da milimita 34, kusan faɗin yatsu biyu. Ta waje kuwa milimita 4 kacal ya ƙaru. Kusan duk faɗin da ka samu ciki ya tafi, inda babu wuri.
Sai tsayin taya gaba ɗaya. 205/70 R14 ma'anarta faɗi milimita 205, tsayin gefe kashi 70 cikin ɗari na faɗin, wato 143 da rabi. Gefe biyu 287, ka haɗa da inci 14 na rim, milimita 356, ka samu kusan 643. Wannan 643 ɗin shi za ka riƙe, duk rim ɗin da ka zaɓa tsayin ya tsaya kusa da shi. A kan 18, tayar da za ta ba ka haka ita ce 225/40, tsayinta 637. Amma dubi gefenta: milimita 90. Daga 143 ka dawo 90. Sama da kashi ɗaya cikin uku na robar da ke tsakanin rim da ƙasa ka zubar.

Dan_Fagge77:
Malam, ai akwai sifesa. A sa mai kauri a bayan rim ya turo shi waje, shi kenan an gama da maganar ET. Motoci nawa ne ke yawo da shi a garin nan?

Oga_Panteka:
Akwai shi, ban ce babu ba. Amma kauri nawa? Milimita 30 zuwa 35 kake nema. Irin wannan kaurin sai wanda ake ɗaurewa a hob da notinsa daban, sannan a ɗaura rim a kansa, kuma dole ya kasance yana da leɓen tsakiya da zai riƙe rim, milimita 66.6. Na kasuwa da yawa faranti ne kawai da aka huda, ba leɓe. Da zarar ka haura 80 sitiyari zai fara rawa a hannunka, ka yi ta kai wa balansin ba za ta daina ba, don rim ɗin bai zauna a tsakiya ba. Sannan maganar noti. Motar Alhaji notinta M12 ne mai zagayayyen wuya. Sababbin da yawa M14 suke ɗauka, hudar rim ɗinsu ta fi faɗi, wuyan notin ma ba ɗaya ba ne. Sai ka ga ya ɗauru, alhali bakin wuyan ne kawai ya kama. Ni ba na sa hannuna a irin wannan aikin a motar da za ta hau hanyar Zariya.

Baban_Husna:
Ni abin da ya same ni zan faɗa, ba lissafi ba. Ina da 280SL, ƙanwar taka ce, jiki ɗaya injin ne ya bambanta. Shekara uku da suka wuce na sa mata 17 da taya 225/45, don sha'awa. Kyau kam ta yi. Amma ranar farko da na fita da ita na ji kamar an canza min mota. Kowane ɗinkin kwalta sai na ji shi a ƙashin bayana, gilashin gaba yana kaɗawa, dashbod yana wata ƙara da ban taɓa ji ba. Ku tuna motar nan ba ta da rufin dindindin da zai ɗaure jikinta, duk dukan da taya ba ta shanye ba jikin ne ke shan sa. Kuma a kan titin da manyan motoci suka kwarzana, sai ta riƙa bin layin kwarzanen da kanta, kana riƙe da sitiyari tana jan ka. Wata biyar da sawa, da daddare, bayan ruwan sama, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ba gudu nake ba. Rim ɗin gaba na dama ya lotse, taya ta yi ƙululu a gefe kamar ƙwan kaza. Ramin nan na sha faɗa masa da 14, ban taɓa tsayawa dubawa ba. Washegari na kwance su na mayar da na asali, Allah ya taimake ni ban sayar ba.

Ummu_Sadiq:
Allah ya ƙara kiyayewa. Ni ba mai mota irin wannan ba ce, maigidana ne yake da ita a da, amma ina da magana ɗaya ga ƙanina Magaji. Motar mahaifinka ce. Duk wanda ya san shi, in ya hango ta yana tafe, shi zai tuna ya yi masa addu'a. Ƙafafun nan na asali suna cikin kamanninta. Ko me ka yanke, kar ka rabu da su, a wanke a naɗe a ajiye a ɗaki.

Magajin_SL:
Wallahi Yaya kin taɓa min zuciya. Ina tuna ranar Juma'a da safe shi da kansa yake zama a kan kujera 'yar tsuguno da tsohon buroshin haƙori yana bin ramukan rim ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba ya bari yaro ya taɓa. Ba zan sayar ba in sha Allah. Matsalata dai tayar ce. Ba zan so ta koma kan bulo don rashin taya ba.

Bahaushen_Jamus:
Salam. Rim ɗin da kake magana, mai ramuka kewaye kamar an murɗa, a nan Barock suke ce masa. Kamfanin Fuchs ne ya ƙera wa Marsandi shi, kuma ba zubi ba ne, matsa ƙarfen aka yi, shi ya sa ga ƙarfi ga rashin nauyi. Ka ɗaga shi da hannu ɗaya, sannan ka je ka ɗaga na abokinka da tayarsa, za ka gane abin da nake nufi. Nauyin da ke can ƙasa, wanda sifirin ba ya ɗauke da shi, shi ne mafi wahalar da shokazoba.
Maganar taya kuma, ba a daina yin 205/70 R14 ba. Michelin har yanzu suna buga XWX a wannan lambar don tsofaffin motoci, mai alamar V, wato ta gudu sosai. Tsada gare ta, ban ɓoye maka ba, kuma sai an yi oda an sako a kaya. Amma motar da za ka fita da ita Juma'a da ranar biki, saiti ɗaya zai daɗe maka.

Direban_Dogon_Zango:
Ni ban ga laifin tayar bas ɗin ba. 195 R14C ita muke sa wa Hiace, mu loda mutum da kaya daga Kano har Maiduguri, ba ta ce uffan. Ramin da ya fasa wa Baban Husna rim, ita tsallake shi za ta yi. Ga araha, ga ta a kowane gari, ko a ƙauye ta yi faci mai faci ya san ta.

Malamin_Lissafi:
Direba, ƙarfinta ba a musu. Amma C ɗin nan na ƙarshe alamar tayar ɗaukar kaya ce, gefenta an yi shi da tauri don ya jure lodi da iska mai yawa. A ƙaramar mota mai kujera biyu taurin nan zai dawo da matsalar da muke gudu, ta wata ƙofar. Tsayinta kuma ya kai 667, ya ɗara na asali da kusan kashi 4 cikin ɗari, allurar gudu tana nuna 100 kana kan 104. Kuma iyakar gudun da aka yi ta dominsa bai kai na motar ba. A matsayin maneji na wata biyu cikin gari, zan iya yarda. Ta zauna dindindin, a'a.

Dan_Sakkwato_126:
Ku gahwarce ni, ina ganin an bar hanya mai sauƙi an kama mai wuya. Ita kanta Marsandi ta ƙara wa motar ga girman rim kafin ta daina yin ta. An hwara ƙera wannan jikin a 1971, aka tsaya a 1989, kuma daga ƙirar 1986, lokacin 300SL da 500SL da 560SL, rim 15 suka koma, hwaɗi inci 7, ET25, taya 205/65 R15. Shi ne mai shimfiɗaɗɗar fuska da ƙananan huda na ado goma sha biyar a kewaye. Irinsa ne a kan Marsandi 126 tawa. Malam ya buga muna lissahin mu gani, amma ni na san yana hawa ba sifesa ba komai. Kuma 205/65 R15 lambar da tsohuwar Camry ke sawa ce, ba garin da za ka rasa ta.

Malamin_Lissafi:
Na buga. Bakin ciki milimita 114, na asali 112 da rabi, kusan wuri ɗaya. Ta waje ya fito da milimita 11. Tsayin taya 647 da rabi, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gefe 133, goma kacal aka rage. Wannan kam lissafi ya amince da shi.

Oga_Panteka:
Madalla da Basakkwace, wannan ita ce shawarar da nake ba masu irin motar. Amma a kula da tarko ɗaya, don na ga mutum ya faɗa. Rim ɗin Bi-but, wato 124, da na 190, fuskarsu kusan ɗaya da wannan, huda goma sha biyar su ma, kuma su suka cika kasuwa. ET ɗinsu 49 ne, wasu 44. Mai shago zai rantse maka ɗaya ne, kuma ba ƙarya yake nufi ba, a ido ɗaya ne. Kai dai ka kifa ka karanta: 7J x 15, ET25. In ba haka aka rubuta ba ka ajiye masa abinsa. Kuma ka sayi notinsa tare, don tsawon notin wannan rim ɗin daban yake da na Barock. Noti in ya yi tsawo a baya, yana leƙawa cikin diram ɗin birkin hannu ya kama sifirin ɗin ciki, kana tafiya kana jin ƙas, ƙas, ƙas. In ya yi gajarta kuma ka san sauran. A ɗaure da sifana mai ma'auni, 110 Nm, ba yaro ya hau kan sifana da ƙafa ba.

Dan_Fagge77:
To ni dai har yanzu ban gamsu ba. 15 ai ba a ma ganin an canza komai. Mutum yana da ikon gyara motarsa yadda yake so. Turawan da suka ƙera ta ma ai suna sa manya.

Bahaushen_Jamus:
Suna sawa, gaskiya ne, kuma ra'ayinka yana da wuri. Tun a shekarun 1980 AMG, masu yi wa motocin Marsandi kwaskwarima, suna sayar da wani mai ƙafa biyar da ake kira Penta, 16 ne, faɗi inci 8, ET11, ana haɗa shi da 225/50 R16. Ka lura da lambar, 11. An yi shi ne musamman don waɗannan tsofaffin, duk ƙarin faɗin waje yake fitowa, motar ta cika madgad ta yi tsayuwar ƙarfi. In kyau ake nema wanda ya dace da zamaninta, nan ne iyaka a ganina. Sai dai na asali ya yi wuya yanzu, kwaikwayo ya fi yawa, kuma a wasu motocin da sifirin ya kwanta taya takan taɓa leɓen madgad na gaba.

Dan_Maradi:
Tunda an zo maganar ƙarfin motar, ku tuna 'yar'uwarta mai rufi, SLC, ta yi tsere a ƙasar Afirka ta Yamma. A gasar Bandama ta Kodebuwa a 1979, shekarar da aka ƙera ta Magaji, 450SLC 5.0 ce ta ɗauki na ɗaya har zuwa na huɗu, Hannu Mikkola ne a gaba. Shekara ta gaba Björn Waldegård ya sake ci da 500SLC. Dubban kilomita a kan jar ƙasa da burji. Ku nemi hotunan ku dubi ƙafafunsu, taya ce mai gefe cike, kuma da giya otomatik suka yi tseren. Ni abin da ke burge ni da motar kenan.

Dan_Fagge77:
Wannan tseren daji ne Malam. Magaji a kwalta zai hau.

Baban_Husna:
Kwaltar ce ai ta lotsa min rim, ɗan'uwa.

Hajiya_Mai_Golf:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ko wace lamba za ka saya, ka duba ranar haihuwar tayar. A gefe bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Na taɓa sayen huɗu a wani shago, a naɗe da leda, zanensu cif, ashe sun shekara takwas a sito. Da zafin Afrilu ya zo ɗaya ta tashi da ni a hanya, yarana suna baya. Allah ne ya tsare. Musamman kai da kake neman lambar da ba ta tafiya a kasuwa, in ka samu 205/70 R14 a wani lungu, ka fara zargin ta daɗe a kwance.

Oga_Panteka:
Hajiya ta kawo magana mai muhimmanci. In ƙara da wata: motar da ta shekara shida a kan bulo, kuma ta haura arba'in a duniya, robobin ƙafarta sun gama aiki. Bush, bol-join, tayarod, da ɗan shokazoban sitiyari da ke kwance a ƙasa, har akwatin sitiyarin kansa, don irin na da ne, yana yin lako da tsufa. Taya mai kauri tana rufa wa waɗannan asiri. Ranar da ka sa mai faɗi mai siririn gefe, duk lakon zai fito fili, ka ɗauka rim ne ya jawo. Kuɗin da za ka kashe a sifesa da tayar 18 guda huɗu, ka fara zuba shi a nan.

Magajin_SL:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na 18 dai na ba abokina haƙuri. Yau da yamma na koma kasuwa na samu masu huda goma sha biyar saiti biyu. Na kifa kamar yadda Oga ya ce, na farko ET49, na bar shi. Na biyun ET25 ne amma uku ne kawai, kuma ɗaya an taɓa yi masa walda a baki. Yanzu zuciyata ta rabu biyu. Wani ɓangaren yana cewa in jira in haɗa na 15 ɗin don in huta da neman taya. Wani kuma, tun da Yaya Ummu Sadiq ta yi magana, yana cewa in daure in yi odar ta asali in bar ta yadda Baba ya bar ta. Bahaushen Jamus, zan yi maka magana ta gefe a kan kuɗin kawowa.

Dan_Sakkwato_126:
Wanda aka yi wa walda kar ka ɗauka ko kyauta. Ka riƙe biyun masu lahiya in ya yarda ya raba, zan tambaya maka a nan wajen masu yanka 126, ana samu jefi-jefi.

Dan_Fagge77:
Ni Penta ɗin nan ya shiga raina. Bahaushen Jamus, in akwai hoton SL da shi a kai ka sako mana. Magaji, kafin ka yanke ka dai gani tukuna.

Oga_Panteka:
In ka koma 15, safayarka ta 14 za ta ci gaba da aiki tunda tsayin kusan ɗaya ne, amma ka zuba notinta biyar na asali a leda ka ajiye kusa da jak. Kuma ita ma safayar a duba shekararta, na tabbata tun ta Baba ce.